Sura ɗaya kafin a kasa kaya

Duk wadda ta taɓa shiga adashe ta san ba girman zubi ne ke kai mutum ga kwasa ba, rashin tsallake rana ne. Shi ya sa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka soma a jihar Maraɗi a 1991 suka yi ƙarko: kowace ta zuba abin da take iyawa, amma ranar zubi ba a ɗaga ta don kowa. To, jama'a masu karatu, yau maganarmu a kan wani irin zubi ne da ba na kuɗi ba, wanda ƴan uwanmu kiristoci da ke cikin kasuwanninmu ke fama da shi, wato karatun Littafi Mai Tsarki kowace rana.

Kiristoci a ƙasar Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma in ka zagaya kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Yamai, za ka same su: mai ɗinki, mai saida hatsi, mai tuyar ƙosai, mai gyaran salula. Abokan rumfarsu musulmi ba za su ga baƙon abu cikin wannan magana ba. Wanda ya saba da izu sittin, yana ɗaukar izu biyu kullum don ya sauke a wata, ya san daɗin karatun da aka raba shi, ya kuma san yadda ciniki ke cinye lokacin mutum tun daga asuba.

Karatun nan gado ne. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, a 1950 kuma suka buɗe gidan likita na Galmi. Abin da suka fi ba ƙarfi shi ne mutum ya iya karanta Hausa da boko, don ya buɗe Littafin da kansa, ba sai an fassara masa ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, aka kuma fitar da sabuwar fassara a 1979, wadda har yanzu ita ce a hannun mutane da yawa. Saboda haka za ka tarar da tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lekol ba, ba ta jin ko gaisuwa da Faransanci, amma tana bin layi da yatsa tana karanta Zabura tiryan-tiryan. Jikanta kuwa da ya yi kwaleji, ba shi jarida ta Faransanci ya zuba kamar ruwa, miƙa masa Littafin kakarsa sai ya riƙa tuntuɓe da ƙ da ɗ. A ganina nan ne haɗarin yake. In uwa na karatu da Hausa, ɗa na yi da Faransanci, kuma kowa na jiran Lahadi fasto ya karanta masa, to gadon ya kama hanyar fita daga gida.

Mu zo ga lissafi, tunda da ƴan kasuwa nake magana. Littafin da majami'un bishara ke aiki da shi littattafai 66 ne a haɗe, 39 na Tsohon Alkawari, 27 na Sabon Alkawari, surori 1189 gaba ɗaya. Na ƴan Katolika ya ɗara haka, su kuma majami'arsu ta riga ta tsara musu karatun kowace rana. Wanda ke son sauke duka cikin shekara, sai ya ɗauki sura uku kullum, biyar ran Lahadi. Da yawa suna ɗaukar wannan alkawari a daren shiga sabuwar shekara, sai dai ga inda gizo ke saƙa. Farawa sura 50 ce, Fitowa 40, ke nan cikin wata guda an gama da labaran Nuhu da Ibrahim da Yusufu da Musa, masu daɗin bi. Da kamawar Fabrairu sai mutum ya faɗa cikin Littafin Firistoci, dokokin hadaya da na tsarki sura bayan sura. Matar da ta tashi tun ƙarfe huɗu ta niƙa wake, ta wuni gaban wuta, a nan barci ke ƙwace Littafin daga hannunta. Kwana uku in ta tsallake, bashin sura tara ya hau kanta, kuma kowa ya san yadda mai bashi ke kauce wa hanyar da zai haɗu da mai binsa.

Akwai lissafin da ya fi dacewa da kasuwa. Sabon Alkawari sura 260 ne, wato biyar a sati har sati 52, ba ragi ba ƙari. Sura ɗaya a rana, kwana biyu na hutu. Bamaraɗiya sai ta bar Litinin da Juma'a, ranakun da kasuwa ke cika. A Damagaram a bar Alhamis. A Tawa kuwa Lahadi ce ranar kasuwa, ga kuma sujada, don haka ita ce ta farko da za a cire. Mu da ke aikin rediyo da agogo muke auna magana, kuma sura matsakaiciya in an karanta ta da murya ba ta wuce minti biyar ko shida. Bai kai lokacin da shayi ke ɗauka kafin ya tafasa ba. Mai farawa gara ya soma da Markus, sura 16 ce kawai, kuma labarin na tafiya da sauri.

Amma littafin da na ga kamar don rumfa aka rubuta shi, shi ne Karin Magana. Sura 31 ce, kowace ranar wata da tata. Yau sha ɗaya ga wata? Buɗe sura ta 11. Ka manta jiya? Ba ka da bashi, wata mai zuwa za ta sake zagayowa. Kuma wannan sura ta 11 da maganar ma'aunin zalunci ta fara, cewa Ubangiji na ƙyamarsa. Sura ta 20 ta zana mai saye da ke kushe kaya yana rage kuɗi, da ya ba da baya sai ya tafi yana fahariyar ya samu araha. Wa bai taɓa ganinsa a gaban tebur ba? Sura ta 6 da ta 22 suna jan kunne kan tsaya wa wani lamunin bashi. Ta ƙarshe kuma tana yabon mace mai tashi tun da duhu, mai sayen gona da guminta, mai saƙa tana kai wa fatake. A Ayyukan Manzanni sura ta 16 ma akwai Lidiya, mai saida tufafi masu tsada, wadda ta buɗe gidanta ga manzo Bulus. Karatun da aka yi da safe ke nan yana bin mutum har gindin buhu. Wadda ta karanta zancen ma'auni ƙarfe shida, ƙarfe goma kuma ta ɗauko tiyar da aka bubbuge gindinta, ita da zuciyarta ne.

Saura lokaci. Mafi yawan masu riƙe abin suna ɗaura shi ne a jikin wani aiki da ba ya tashi: bayan an share rumfa kafin a kasa kaya, ko da rana tsaka lokacin da masu saye suka ja jiki, ko da dare bayan tuwo. Wannan na daren shi na fi so, don yana maganin matsalar da muka faɗa a sama. A ba yaro ɗan lekol ya karanta da Hausa da ƙarfi, kaka ta gyara masa baki, shi kuma ya ara mata idonsa, tunda ƙananan baƙaƙe da hasken tocila ba su shiri da idon tsufa.

Wadda ba ta iya karatu ba ita ma ba a bar ta a baya ba. An ɗauki karatun Littafin da murya cikin Hausa, ana samunsa a manhajojin salula irin su Bible.is da YouVersion, ana kuma iya sa shi a ɗan katin da ake zuba waƙoƙi, sai a saurara ba tare da kashe kuɗin intanet ba. Hannu na juya ƙosai, kunne na ji. Illa dai salular da ke karanta Zabura ita ce kuma mai kawo saƙon abokin ciniki, shi ya sa wasu ke fifita takarda. A taron Zumuntar Mata kuwa, in kowace ta san za a tambaye ta abin da ta ji cikin sati, da wuya ta zo hannu sake, daidai da yadda kunyar uwar adashe ke hana a ci zubi.

A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin tarzomar da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, littattafai masu yawa sun tafi tare da kujeru da rufin kwano. Wasu maƙwabta musulmi sun ɓoye kiristoci a gidajensu. A Lahadin da suka biyo baya an yi sujada a tsakar gidaje da ƙarƙashin rumfuna, da Littafin da kowa ya ɗauko daga ɗakinsa, wani bangonsa duk maiƙo, wani da takardar bashin hatsi maƙale a wurin da aka tsaya jiya.