Hanyar Tafkin Tso Moriri: Inda Iska Ke Gajiyar da Mota da Direba

Tafkin Tso Moriri yana yankin Ladak a arewacin Indiya, a kan tudun Cantang, mita 4,522 sama da teku. Daga birnin Leh zuwa can tafiya ce ta sama da kilomita 200, kuma baƙi daga ƙasashen waje sai da takardar izinin hukuma, domin wurin na daf da iyakar ƙasar Sin. Hanyar na bin gefen kogin Indus ta Upshi da Cumatang, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, har gadar Mahe. Daga nan ake fara hawa, kwalta ta riƙa yankewa, sai tsakuwa da rairayi da ƙoramun da narkakkiyar ƙanƙara ke cikawa idan rana ta take. Shi ya sa gogaggun direbobi ke sammako su haye kafin ruwa ya ƙaru.

Amma ba gargadar hanya ce babbar matsala ba, ƙarancin iska ne. A wannan tsayi, iskar da mutum ke shaƙa ba ta kai kashi 60 cikin 100 na wadda ke bakin teku ba. Injin da ba shi da turbo kan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, don haka motar da ke ruri a fili sai a ga tana nishi a giya ta ɗaya. Da daddare sanyi kan daskarar da man dizal, gidajen mai kuma ƙalilan ne, dole a yi guzuri a jarkoki. Ruwa ma yakan tafasa tun a wajen digiri 85, shinkafa ta daɗe a tukunya ba ta nuna ba.

Jikin ɗan Adam ya fi injin shan wuya. Ana son matafiyi ya kwana biyu a Leh, mai tsayin kusan mita 3,500, kafin ya ci gaba. Wanda ya yi gaggawa yakan gamu da ciwon kai, jiri da amai. Idan abin ya tsananta, maganinsa ɗaya ne: a sauko da shi ƙasa ba tare da ɓata lokaci ba.

A bakin tafkin akwai ƙauyen Korzok, da makiyayan Canpa masu kiwon awakin da ake samun gashin pashmina a jikinsu. Tun 2002 tafkin ke cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta ba kariya, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a gaɓarsa. Ciyawar wurin ba ta saurin tofowa, kuma sawun taya kan daɗe bai ɓace ba. Direban da ya saki hanya ya kutsa cikin makiyaya don ɗaukar hoto, abincin dabbobin mutane yake takewa.

Ana yin tafiyar ne galibi daga watan Yuni zuwa Satumba. Da hunturu tafkin kan daskare.