Mu Koya Wa 'Ya'yanmu Haɗarin Ƙwaya, Giya da Taba Tun Kafin Wani Ya Riga Mu

 A shafin lafiya na wannan fitowa za mu yi magana a kan abin da iyaye da yawa suke ɗauke da shi a zuci, amma suna jin kunyar faɗinsa a gaban jama'a, wato shaye-shaye tsakanin 'ya'yanmu masu tasowa. Za mu duba ta inda abin yake shigowa ƙauyukanmu, da abin da yake yi wa jikin yaro, da kuma yadda gida da ikilisiya za su fara koyar da yara tun suna da shekara 10 zuwa 12.

Girman matsalar

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin miyagun ƙwayoyi, ta yi bincike a dukan jihohin Nijeriya. Sakamakon ya fito a watan Janairu na 2019. An gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba. Wannan ya kai mutum ɗaya a cikin kowane bakwai. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan tiramol da danginsa ba da umarnin likita ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye kuma miliyan 2.4. A yankinmu na Arewa maso Yamma, wanda jihar Sakkwato take ciki, adadin ya kusan miliyan 3. Binciken ya kuma nuna cewa ɗaya cikin kowane mashaya huɗu mace ce, saboda haka maganar ta shafi 'yan matanmu kamar yadda ta shafi samari.

Ta ina abin yake shigowa?

A zamanin iyayenmu ana gane mashayi tun daga nesa, gama warin burkutu da tangaɗi ba sa ɓoyuwa. Tun shekarar 2000 da aka kafa shari'ar Musulunci a jihar Sakkwato ba a sayar da giya a fili, kuma wannan ya sa wasu iyaye suka saki jiki. Amma ƙwaya ba ta da wari. Yaro zai iya ɓoye ta a bakin hula ko a bayan waya, ya zauna a ci tuwo da shi, ya je sujada, ba wanda ya sani.

Garuruwanmu suna kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega. Hanya albarka ce ga manomi da ɗan kasuwa, amma ita ce kuma take kawo masu tallar magani a faranti da a bayan babur ranar kasuwa.

Abin da ya kamata mu lura da shi sosai shi ne, yawancin samarin ƙauye sukan fara ne a wurin aiki. Yaro ya tafi ƙwadago lokacin noma ko girbi, ko aikin lambu a bakin madatsar ruwa ta Shagari, ko buga bulo, ko acaɓa. Rana ta yi zafi, baya ya ƙage, sai abokin aiki ya miƙa masa ƙwaya ya ce maganin gajiya ce. Ya sha, ya ga ya yi aikin mutum biyu, ya sami kuɗi fiye da jiya. Gobe da kansa zai nema. Waɗanda suke tafiya ci-rani zuwa Legas ko Ibadan ko Fatakwal sukan haɗu da wannan jaraba nesa da idon iyaye, wasu kuma su dawo da ita gida su koya wa ƙannensu. 'Yan mata kuwa sau da yawa a wurin biki ne ake ba su maganin tari da aka zuba cikin kwalbar lemo.

Abin da kowanne yake yi wa jiki

Tiramol: Magani ne na ciwo mai tsanani wanda likita yake rubutawa. Ƙarfin da aka amince da shi a Nijeriya shi ne miligiram 50 da 100, amma wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 200 ko 225. Ba ya ƙara wa mutum ƙarfi. Yana toshe jin ciwo ne, ciwo da gajiya kuwa su ne ƙararrawar da Allah ya sa a jiki domin mutum ya huta. Jiki yakan saba da shi, sai ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu. Idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma rage numfashi har mutum ya mutu, musamman in an haɗa shi da giya ko maganin barci.

Kodin: Yana cikin wasu magungunan tari. Hanta takan mayar da wani sashe nasa ya zama mofin, ɗan'uwan hodar da ake kira hiroyin. Bayan wani binciken da BBC ta nuna a ƙarshen watan Afrilu na 2018, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a ranar 1 ga Mayu na wannan shekara.

Sholisho da fetur: Shaƙarsu tana lalata ƙwaƙwalwa, tana kuma iya tsayar da zuciya farat ɗaya, ko da ranar ce yaro ya fara.

Wiwi: Tana rage tunani da riƙe karatu. Wanda ya fara ta da ƙuruciya kuma yake sha kullum ya fi shiga haɗarin taɓin hankali.

Giya: Tana cin hanta, tana kawo haɗarin babur da faɗa da zubar da mutunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019. Wadda ake ƙullawa a 'yar leda tana da ƙarfi ƙwarai, ga araha, ga sauƙin ɓoyewa, shi ya sa hukumar NAFDAC ta sanar da hana ta a watan Fabrairu na 2024.

Taba: Mutane sukan raina ta domin ba ta sa tangaɗi. Amma sinadarin nikotin da ke cikinta yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, yana kuma kama mutum da wuri. Hayaƙinta yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki suna kawo ciwon daji. Tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a duniya kowace shekara, har da waɗanda hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Shisha ma taba ce, ƙanshi ne kawai aka sa mata. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara.

Me ya sa za mu fara da wuri?

Masana sun nuna cewa ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen da yake auna ƙarshen al'amari shi ne yake nuna daga baya. Saboda haka yaron da ya fara shaye-shaye yana ɗan shekara 14 ya fi saurin kamuwa, ya kuma fi wuyar dainawa, fiye da wanda ya fara da girmansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ƙauyukanmu yaro yakan fara fita ƙwadago da riƙe kuɗin kansa tun yana ɗan shekara 13 ko 14. In mun jira sai ya zama saurayi kafin mu yi masa magana, mun makara.

Yadda za mu koyar

1. Mu faɗi gaskiya. In muka ce wa yaro kara ɗaya na wiwi zai haukata shi nan take, sa'an nan ya ga abokinsa ya sha bai haukace ba, zai zubar da dukan maganarmu. Gara mu ce masa: “Ɗana, gaskiya ne ranar farko za ka ji gajiya ta tafi. Amma bari in gaya maka abin da yake biyo baya.”

2. Mu yi lissafi tare da su. A ce saurayi yana kashe naira 500 kowace rana a kan ƙwaya da sigari. A wata ya kashe naira 15,000, a shekara 182,500. Malamin makarantar Lahadi ya rubuta wannan a allo, ya tambayi yara abin da za a iya saya da kuɗin, ko awakin kiwo, ko takin zamani, ko kuɗin jarrabawa.

3. Mu koya musu yadda ake cewa a'a. Yara da yawa sun san abin ba shi da kyau, kunyar abokai ce take kayar da su. A taron matasa a yi ɗan wasan kwaikwayo, ɗaya ya miƙa, ɗaya ya ƙi cikin ladabi, a yi ta maimaitawa har bakinsu ya saba. Labarin Daniyel da abokansa a sura ta fari ta littafinsa ya dace da wannan darasi, gama samari ne a baƙuwar ƙasa, suka ƙi ruwan inabin sarki ba tare da rashin kunya ba.

4. Mu shirya masu tafiya ci-rani. Kafin saurayi ya hau mota, uba ko dattijon ikilisiya ya zauna da shi, a yi addu'a, a gaya masa abin da zai tarar, a haɗa shi da wani amintacce ko wata ikilisiya a garin da za shi.

5. Mu duba aikin da muke ɗora musu. Uban da ya sa yaro ya nome abin da ya fi ƙarfinsa, ba hutu ba abinci, ya buɗe wa ƙwaya ƙofa. Mai gonar da ya ɗauki 'yan ƙwadago ya ba su ruwa da fura da lokacin hutawa a inuwa.

6. Mu zama gurbi. Kada a aiki yaro sayen sigari ko giya. Kada kuma a saba masa da haɗiyar magani daga faranti duk lokacin da kai ya sara.

Zumuntar mata tana da babban aiki a nan, domin uwa ce take fara ganin canji, ita ce kuma 'ya mace take iya buɗe wa ciki. Ranar 31 ga Mayu ita ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya, ranar 26 ga Yuni kuma ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ikilisiya za ta iya keɓe Lahadin da ta fi kusa da waɗannan ranaku, ta gayyaci ma'aikacin asibiti ko jami'in hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ya yi wa matasa bayani.

Alamun da za a lura da su

Barcin da ya wuce kima ko rashin barci, jan ido, rama, ƙin abinci, fushi ba dalili, faɗuwa a makaranta, sababbin abokai da ba ya so a sani, ɓacewar kuɗi ko hatsi daga rumbu, da fankon magani a aljihu ko ƙarƙashin tabarma. Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. In sun taru, a zauna da yaron a keɓe, a tambaye shi cikin natsuwa.

In yaro ya riga ya kamu

Kuskure biyu iyaye sukan yi. Na fari shi ne yin shiru don gudun abin kunya. Littafin Sama'ila na fari, sura 2 da 3, ya nuna mana ƙarshen gidan Eli, wanda ya san abin da 'ya'yansa suke yi amma bai hana su ba. Na biyu shi ne duka da kora da ɗauri. A shekarar 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala, kuma an sami irin wannan ɗauri har a wasu gidajen addu'a na Kirista a ƙasar nan. Sarƙa ba ta warkar da kowa.

Kamuwa da ƙwaya ciwo ne da yake bukatar addu'a da magani tare. Wanda ya daina tiramol yakan yi kwanaki yana ciwon jiki, da zufa, da gudawa, da rashin barci, wannan wahala ce take mayar da mutane da yawa. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa ko maganin barci kada ya yanke farat ɗaya sai da kulawar ma'aikacin lafiya, gama hakan yana iya kawo jijjiga. A fara da asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

In yaro ya faɗi yana jijjiga, a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a sa masa cokali a baki, kada a ɗura masa madara ko manja. A kai shi asibiti da sauri, a tafi da fankon abin da ya sha.

Wanda ya daina kuma kada a bar shi zaman banza. A ba shi aiki a ƙungiyar mawaƙa ko a gonar ikilisiya, a koya masa sana'a. In ya sāke faɗuwa a ɗaga shi, gama mutane da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su rabu da abin. Mu tuna da yadda uban nan na Luka sura 15 ya karɓi ɗansa da ya dawo.

Mu haɗa hannu da maƙwabta

Ikilisiyoyinmu a wannan yanki ƙanana ne, 'ya'yanmu kuma makaranta ɗaya suke zuwa da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi, gona ɗaya suke ƙwadago. Mai sayar da ƙwaya ba ya tambayar addinin mai saye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon fastoci da dattawa su je wurin mai gari da liman da shugaban makaranta, a yi shawara tare a kan masu tallar magani a kasuwa da masu sayar wa yara sigari.

A wannan mako kowane uba da kowace uwa su nemi lokaci bayan cin abincin dare, su karanta wa yaransu wannan shafi, su kuma bar su su yi tambaya. Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.