Yadda Za Mu Shuka Furen Kana Daga Iri a Gida

A yawancin ƙauyukan da muke ziyarta, mukan ga abu guda a bayan gidaje: ruwan wanka da na wanke-wanke yana fitowa ta rariya, ya kwanta a jikin katanga. Nan sauro yake yin ƙwai, nan kuma yara suke wasa. Akwai wani fure da zai taimake mu rage wannan ruwa, ya kuma ƙawata gida. Sunansa kana, wasu kuma suna kiransa gwangwama. Ganyensa kamar na ayaba ne amma ƙarami, furensa ja ne ko rawaya, saiwarsa kuma mai kauri ce kamar citta.

Asalin kana daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne. Yana son rana, da taki, da ruwa mai yawa. Shi ya sa yake jin daɗin bakin rariya, inda wasu tsire-tsire sukan ruɓe.

Me ya sa irin ba ya tsirowa?

Mata da yawa sun gaya mana cewa sun shuka irin, sun jira har sun gaji, ko ɗaya bai fito ba. Irin bai mutu ba. Ɓawonsa ne yake da tauri ƙwarai, ruwa ba ya iya shiga. Saboda taurin nan ne ake zuba shi cikin caki, ana kuma yin abin wuya da shi. A shekarar 1968, masana a ƙasar Ajantina sun tsirar da wata ƙwayar kana da aka samo a tsohon kabari, wadda ta yi fiye da shekara 500. Ke nan aikinmu shi ne mu buɗe wa ruwa ƙofa.

Matakai

1. Tara iri. Bayan fure ya faɗi, kwanso mai ƙuraje-ƙuraje yakan fito. Mu bar shi ya bushe a jikin uwar har ya fara tsagewa. Irin da ya nuna baƙi ne, mulmulalle, kamar girman ƙwayar wake.

2. Goge ɓawon. Mu riƙe ƙwayar da filaya, mu goga gefe ɗaya a kan sanfefa, ko dutsen wasa wuƙa, ko daɓen siminti. Da zarar ɗan fari ya bayyana, sai mu tsaya. Idan muka zarce, za mu ji wa tsiron ciwo. Kada mu yi amfani da reza, domin ƙwayar tana da santsi, tana iya sa mu yanke yatsa.

3. Jiƙa shi. Mu zuba irin cikin ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, na kwana 1 zuwa 2. Mu canja ruwan kowace rana. Ƙwayar da ta kumbura ta shirya. Wadda ba ta kumbura ba, a sāke goge ta.

4. Shuka. Mu cika ledar fiya wata da ƙasa mai kyau, da yashi, da ruɓaɓɓen taki, mu huda ƙasanta. A sa ƙwaya ɗaya cikin kowace leda, zurfin kamar santimita 1 zuwa 2, wato bai kai gaɓar yatsa ba. A ajiye a wuri mai haske da ɗumi, a riƙa ba da ruwa. Yawanci yakan tsiro cikin mako 1 zuwa 2. Sanyin hunturu yana jinkirta shi, don haka Maris ko Afrilu ya fi, domin dashe ya dace da farkon damina.

5. Dasa. Idan tsiron ya kai kamar santimita 15, mu dasa shi da yamma. A bar tazarar kamar rabin mita tsakanin kowane biyu. Idan ya sami kulawa, yana iya yin fure a shekarar farko.

Shirya bakin rariya

Mu ja ruwan nesa da katanga kaɗan, domin kada danshi ya ci gindin gini. Mu haƙa rami marar zurfi, mu cika shi da tsakuwa, sa'an nan mu dasa kana kewaye da shi. Tsakuwa za ta sa ruwan ya nutse, saiwoyi kuma su sha. A nisanta wurin daga rijiya.

Abubuwan lura

Awaki suna cin ganyen, saboda haka a yi masa shinge. Furen da ya fito daga iri ba lallai ya yi kalar uwarsa ba. Wanda yake son kala iri ɗaya, sai ya raba saiwa ya dasa. Bayan shekara 2 ko 3, saiwoyin sukan cunkushe. A tone su, a raba, a ba maƙwabta. Kada a zubar da su a bakin rafi, domin suna yaɗuwa da sauri. A ƙasashen Peru da Biyetnam ana noma wani irin kana domin garin saiwarsa, amma kada mu ci wanda ya girma a ruwan wanka. Kuma kana bai maye gurbin gidan sauro ba. Mu ci gaba da kwana a ciki.

Domin tattaunawa a ƙungiya

Gidaje nawa ne a unguwarmu ruwa yake kwanciya a bayansu? Wa yake da kana da za mu samu iri a wurinsa? Zumuntar mata ko matasa za su iya renon tsirrai 50 kafin ruwan farko, su raba wa gidajen tsofaffi da gwauraye?