Wasa ma magani ne ga mai shanyewar ɓarin jiki

Idan an sallamo mahaifinku daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, kada ku bar shi kwance a ɗaki shi kaɗai da sunan hutu. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu wannan lalura kan kamu da ciwon damuwa, kuma hannun da ba a motsawa ƙara sandarewa yake yi.

Wannan ne dalilin jinya ta hanyar nishaɗi. Ma'aikacin yakan tambayi abin da majinyaci ke sha'awa kafin ciwon, ya auna ƙarfinsa, sannan ya tsara masa wasa ko aikin hannu da zai yi masa amfani. Dara tana horar da yatsu wajen ɗauka da ajiyewa, tana kuma sa ƙwaƙwalwa lissafi. Saƙar faifai tana ƙarfafa riƙo. Zaman majalisa da abokai yana taimaka wa harshe, ya rage kaɗaici.

A Amurka da Kanada wannan sana'a ce mai zaman kanta. A Nijeriya galibi ma'aikatan gashin ƙashi da masu sake koya wa majinyaci ayyukan yau da kullum ne ke haɗawa da ita. Don haka idan kun koma ganin likita a Gwandu, Kalgo ko Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, ku nemi ya tura ku wurinsu.

A gida ku fara da kaɗan, ku ƙyale shi ya gwada da kansa, kuma kada ya daina shan magungunansa. Idan ya ji jiri ko ciwon ƙirji, ko bakinsa ya sake karkacewa, ku garzaya da shi asibiti nan take.