Tallar kayan Salla ta koma cikin salula

Da zarar watan azumi ya kama, kasuwannin ƙasar Nijar sukan sake kama. A babbar kasuwar Maraɗi, da kasuwar Dole ta Damagaram, da babbar kasuwar Yamai, ana ta kwance dilolin shadda da atamfa da leshi, teloli kuwa sai su kwana bisa keke. Wannan kowa ya saba da shi. Abin da ya sake cikin shekarun nan shi ne hanyar da labarin haja yake bi kafin ya kai kunnen mai saye. A da aikin dillaliya ne, mai bi gida-gida da ƙunshi bisa kai, da na yara ƴan talla. Yau salula ta ɗauke babban rabo na wannan aiki.

Wurin ƙananan ƴan kasuwa WhatsApp ne ya fi karɓuwa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manyan mutanen da suka iya karatu da rubutu cikin ƙasa ba su kai rabi ba, amma tun shekara ta 2013 ana iya aika saƙo da murya. Mai turaren wuta a unguwar Birni ta Damagaram sai ta ɗauki hoton kwalabenta, ta faɗi kuɗinsu da bakinta, ba ta nemi mai rubuta mata ba. Cikin shekara ta 2017 kuma aka ƙaro allon da ake kira sitatu, inda hoto ke yin awa 24 sannan ya ɓace. Sai dai wanda ya aje lambarka, kai ma ka aje tasa, shi kaɗai ke ganinsa. Saboda haka jarin mai talla na gaskiya shi ne lambobin mutanen da suka taɓa sayen kayansa, da danginsu, da maƙwabtansu.

Facebook da TikTok sun fi kai labari nesa, amma nisa bai cika amfanar mai butiki ba. Ɗan kallo da ke Kwatano ko Abijan yana iya yaba leshin da aka nuna a Tawa, ba shi ne zai saye shi ba. Mai saye shi ne wanda ɗan kabu-kabu zai iya kai wa kaya kafin ranar Idi. Don haka tallar da ta san aikinta takan ambaci gari da unguwa, da masallaci ko makarantar da ke kusa da shago. Takan fito kuma bayan buɗa-baki da sallar asham, lokacin da jama'a suka sarara, cikin gajeren bidiyo, domin kuɗin intanet daga aljihun mai kallo suke fita.

Akwai batun farashi, wanda yake haddasa rigima fiye da yadda ake zato. A rubuce da faran ake lissafi, a baki kuwa da dala, dala ɗaya faran 5. Idan mai haja ya ce «dubu biyu» cikin saƙon murya, wani zai ji jika biyu, wani kuma ya ji dala dubu biyu, wato jika goma. Gara a rubuta adadin bisa hoton, a kuma maimaita shi da baki.

Matan aure da ba su fita kasuwa, musamman a Maraɗi da Damagaram, sun samu ƙofa babba. Daga cikin ɗaki mace tana sayar da mayafai da takalman yara, ba ta raba riba da dillaliya ba, ba ta kuma ɗora wa ɗiyarta tire a lokacin da ya kamata yarinya tana aji ba. Hukumomin ilimi ya dace su lura da wannan.

Amma hoto ba ya rantsuwa. Gab da Sallar Layya hotunan raguna, balami da uda da ara-ara, sukan cika wayoyi, kuma ragon da aka ɗauka daga ƙasa yakan yi kama da ɗan maraƙi. Makiyayi mai gaskiya yakan nuna dabbar tana tafiya, mutum na tsaye kusa da ita, ya buɗe bakinta a ga haƙora. Waɗansu kuwa hoton kayan wani suke sata, su nemi kafin alkalami, su rufe waya. Da yake gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza sun sauƙaƙa biya daga gari zuwa gari, nauyin bincike ya koma kan mai saye: ya nemi a nuna masa kayan kai tsaye ta kiran bidiyo, ya aje takardar shaidar biya. Dokar ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifuffukan intanet ta tanadi hukunci ga mai irin wannan zamba.

Teloli su ma suna da nasu laifi. Salula tana kawo wa tela ɗinki fiye da abin da kekensa zai iya, shi kuwa ba ya cewa a'a. Ranar jajibir sai a ga mata tsaye ƙofar shago, yadinsu ko yankawa ba a yi ba, su kuma ba su rasa rukunin matan unguwa da za su kai ƙara da murya. Telan da ya san ciwon kansa yakan fara talla tun cikin Sha'aban, sannan, idan azumi ya yi rabi, ya liƙa sanarwa ta biyu cewa ya daina karɓar ɗinki sai bayan Salla.