Tsamin kindirmo iri biyu ne: abin da ya kamata ku sani

Daga ina tsamin yake fitowa?

Idan kun sha fura da nono a Sango Agege, ko kun dama koko da safe, tsamin da kuke ji aikin bakteriya ne, wato ƙananan halittu da ido ba ya gani. Suna cinye sukarin da ke cikin madara ko gasara, su fitar da sinadari mai tsami da ake kira laktik asid. Carl Scheele, masani ɗan ƙasar Suwidin, ne ya fara ware shi daga nono a 1780. Waɗanda ke amfanar hanji a cikin ƙwayoyin nan su ake kira furobayotik.

Mene ne iri biyun?

A laktik asid akwai L, akwai D. Harshe ba ya bambance su, siffarsu ce kawai ta juya, kamar hannun dama da na hagu. Jikinku da kansa yana yin L, musamman wajen aikin ƙarfi, don haka yana sarrafa shi nan da nan. D kuwa sai a hankali, wani ma ta fitsari yake fita. A yogot ɗin kamfani, ƙwayar Streptococcus thermophilus tana yin L, Lactobacillus bulgaricus tana yin D. Lactobacillus plantarum, wadda ke tsamar da ogi na maƙwabtanmu Yarabawa, duka biyun take yi.

Wa zai yi hattara?

Mai lafiya ya sha abinsa, ba komai. Wanda aka yanke wa babban sashe na ƙaramin hanji shi ne D kan taru a jininsa, ya riƙa tangaɗi, maganarsa na sarƙewa kamar mai maye. Irin wannan ya tuntuɓi likita kafin ya sha furobayotik. Jarirai ma haka, shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce ƙwayoyi masu yin L kaɗai za a sa a madarar gwangwaninsu. Masu kiwon shanu a Oko-Oba sun san makamancin wannan taruwar D: dabba ta cika ciki da hatsi, sai zawo da layi.

Sai an kashe kuɗi?

Ba dole ba ne mai lafiya ya sayi kafson furobayotik a kemis, kwanon kindirmo ya fi araha. A ganina, madarar da ba a tafasa ba ta fi D haɗari, domin tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya. Ku tambayi mai nono ko ta tafasa kafin ta zuba iri. Yogot na roba kuma ku duba lambar NAFDAC.