Ƙashin Inna na buƙatar ta taka ƙasa

Makonni kaɗan da suka wuce wata baiwar Allah ta shigo kantin magani da nake aiki a nan Legas, ta ce in ba ta maganin ƙarfin ƙashi, wanda ya fi kowanne tsada. Na tambaye ta na waye. Ta ce na mahaifiyarta ne, wadda ta zame a banɗaki wata uku da suka wuce. Hoto ya nuna babu karaya, likita ya sallame su, ya ce a riƙa kai ta sashen gashi, a kuma riƙa tayar da ita tana takawa. Na ce, "To Hajiya, Inna tana takawar?" Sai ta ce, "Haba Anti, ina za mu wahalar da tsohuwa? Komai a gado muke yi mata."

Na san tausayi ne ya sa su haka, kuma na san akwai irin wannan gidan da yawa a cikin masu karanta wannan shafi. Shi ya sa yau nake so in yi maka bayanin wani abu da masana suka gano game da jikinka: ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka zama ƙashi da tsoka da jijiya suna jin nauyi da matsi da ja, kuma da abin da suka ji ne suke yanke shawarar su gina jiki ko su rage shi.

Ƙofar da matsi ke buɗewa

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani siririn tantani. A jikin wannan tantanin akwai ƙananan ƙofofi da ke barin wasu sinadarai su shiga ko su fita. Wasu ƙofofin sinadari ne ke buɗe su, kuma a kan irinsu ne magunguna da yawa da muke bayarwa suke aiki. An daɗe ana zaton akwai waɗanda matsi kaɗai ke buɗewa, sai dai gano su a jikin mutum ya ɗauki lokaci.

A shekarar 2010 ne wani masani mai suna Ardem Patapoutian, haifaffen birnin Beirut na ƙasar Labanan, tare da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Scripps da ke Kaliforniya a Amurka, suka samo su. Sun sami wasu ƙwayoyin halitta da ke fitar da ɗan ƙaramin lantarki idan aka taɓa su da bakin siririn gilashi. Sai suka ware ƙwayoyin gado 72 da suke zargi, suka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya suna sake taɓawa. Da suka kai ga ta ƙarshe, ƙwayar halittar ta daina amsa taɓawar. Ƙofar da wannan ƙwayar gado ke samarwa suka sa wa suna Fiyezo 1, daga kalmar Girkanci mai nufin matsi, sannan suka gano 'yar uwarta Fiyezo 2. Wannan aiki ne ya sa aka ba Patapoutian kyautar Nobel ta fannin lafiya a 2021, tare da David Julius, wanda ya gano yadda jiki ke jin zafin barkono da zafin wuta.

Yadda ƙofar ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Tana da fukafukai uku kamar na fanka, kuma tana lanƙwasa tantanin da take zaune a kai ya yi ɗan kwarmi. Idan aka matsa ko aka ja tantanin, kwarmin sai ya baje, ƙofar ta buɗe, sinadarai irin su kalsiyam su kwararo ciki. Shigarsu ita ce saƙon: an taɓa ni, an ɗora mini nauyi.

Inda kake amfani da ita kullum

Idan ka rufe ido ka kai loma bakinka ba tare da ka kuskure ba, Fiyezo 2 ce ke gaya wa ƙwaƙwalwarka inda hannunka yake. An sami mutane ƙalilan da aka haifa ba tare da wannan ƙofa tana aiki ba. Suna iya tafiya muddin suna kallon ƙafafunsu, amma da zarar an rufe musu ido sai su yi ta tangaɗi. Ita ce kuma ke taimaka maka ka ji cewa mafitsara ta cika.

A manyan jijiyoyin jini na wuya da na kusa da zuciya akwai jijiyoyin da ke auna ƙarfin bugun jini a kowane lokaci, kuma bincike a kan ɓeraye ya nuna da waɗannan ƙofofi biyu suke yin awon. Idan ka miƙe tsaye, jini yakan gangara ƙafafu, sai su ji matsin ya ragu, su sa zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke. Tsufa da doguwar kwanciya suna rage saurin wannan amsa, wasu magungunan hawan jini kuma suna ƙara wa abin nauyi. Wannan ne dalilin da nake gaya wa duk wanda na miƙa wa irin waɗannan magunguna cewa idan ya farka, ya zauna a bakin gado na minti ɗaya ko biyu kafin ya miƙe, musamman lokacin tashi sallar asuba ko zuwa fitsari cikin dare.

Ƙashi yana lissafi

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen icce. Alhali nama ne mai rai, ana rushe tsohonsa ana gina sabo har ƙarshen rayuwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta da ke zaune a ƙananan ramuka, da siraran hanyoyi masu ruwa da suka haɗa su. Duk takun da ka yi, ƙashin yana ɗan lanƙwasawa kaɗan yadda ido ba ya gani, ruwan ya motsa, ƙwayoyin su ji, su aika saƙo cewa ana amfani da wannan wuri, a ƙara masa ƙarfi. Idan saƙon ya daina zuwa, masu rushewa sai su fi masu gini aiki.

Tun a 1892 wani likitan fiɗa Bajamushe mai suna Julius Wolff ya rubuta cewa ƙashi yana sauya siffa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. An ga hakan a jikin 'yan wasan tanis, inda ƙashin hannun da suke buga ƙwallo da shi ya fi na ɗayan kauri. An ga kishiyarsa a jikin 'yan sama jannati. A can sararin samaniya babu nauyi, don haka ƙashin ƙugu da na ƙafa yakan ragu da kimanin kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 a kowane wata, shi ya sa suke motsa jiki na kimanin awa biyu kullum. Waɗannan lafiyayyun mutane ne masu cin abinci mai kyau. Abin da ƙashinsu ya rasa shi ne nauyi.

Gado ma haka yake yi wa jiki. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu lafiya na kwana 10 kacal, sai aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Ka kwatanta wannan da wata uku da Inna ta yi a kwance.

Kalsiyam da bitamin D kamar bulo da siminti ne. Suna da amfani ga wanda ba ya samun isasshe, amma tara su a ƙofar gida ba ya tayar da gini idan babu wanda ya ba magini umarni. Akwai magungunan zaizayewar ƙashi na gaske da likita ke rubutawa bayan gwaji, su ma tare da motsi ake so a haɗa su. Babu kuma wani magani a kasuwa da aka amince da shi don buɗe ƙofofin Fiyezo, saboda haka duk wanda ya tallata maka irinsa, riƙe kuɗinka.

Matsin da ya yi yawa

Kamar yadda rashin nauyi ke cutarwa, haka matsin da ya daɗe a wuri ɗaya. Idan marar lafiya ya kwanta a gefe ɗaya na awanni, ƙashi yana danne nama a kan katifa, jini ya kasa wucewa, ƙwayoyin halitta su mutu. Daga nan gyambon kwanciya ke farawa, galibi a kwankwaso, ƙasan baya da dunduniya. Alamar farko ita ce wurin ya sauya launi, ya yi ɗumi ko ya yi tauri. A baƙar fata ba lallai ne ka ga ja ba, don haka ka taɓa da hannu, ka kwatanta da ɗaya gefen.

Mai ciwon suga kuwa, jijiyoyin ƙafarsa na iya lalacewa har ya daina jin matsi. Takalmi zai matse shi ko tsakuwa ta shiga, ya yini yana takawa bai sani ba, har ta zama miki. A asibiti ana gwada wannan da wani siririn zaren roba da ke lanƙwasawa idan ya kai nauyin giram 10. Idan kana da suga, ka nemi a yi maka gwajin aƙalla sau ɗaya a shekara.

Abin da za ka yi a gida

Idan likita ya ce marar lafiya ya fara takawa, ku fara ranar, ko da daga gado zuwa ƙofar ɗaki ne, mutum ɗaya yana riƙe da shi. Idan akwai karaya, ko an yi aiki, ko shanyewar ɓarin jiki ce, likita da masu gashi ne za su faɗi irin nauyin da za a ɗora da lokacin da za a fara. Kada ku yi gaban kanku.

Wanda ba ya iya tashi sam, a riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu, a sa filo a ƙarƙashin ƙwaurinsa don dunduniya ta bar katifa, a kuma duba fatarsa kullum lokacin wanka.

Kai mai lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Tafiya da sauri, hawa bene da ɗaukar kaya daidai ƙarfinka duk suna ciki. Yara kuma a bar su su yi gudu da tsalle, domin mafi yawan ƙashin da mutum zai rayu da shi yana ginuwa ne kafin ya cika shekara 30.

Ranar na sayar wa Hajiya kalsiyam mai sauƙin kuɗi, na ce sauran kuɗin ta biya mota zuwa sashen gashi. Bayan mako uku ta dawo sayen maganin hawan jinin Inna. Ta ce ranar farko tsohuwar ta yi ta faɗa, ta ce so suke su kashe ta, amma yanzu da sanda take zuwa banɗaki, kuma ta koma yin alwala da kanta.